Shekarar da Ƙyallen Inna Batulu Ya Ruɓe

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Cadawa cikin azumi ya ga Inna Batulu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce ƴar tsohuwar nan da ke zama gindin bedi kusa da masu tabarmi, ta baje matasan kai da hulunan jarirai da lalitoci da mafitai masu bakin atamfa, kowanne da launi iri-iri a jikinsa. Ba ta kiran mai saye. Ni ce mai kira, don ita muryarta ba ta wuce bakin tabarmarta, ni kuwa Allah ya hore mini maƙogwaro, har masu goro na can ƙarshen layi sun san ni.

Sunana Fiddausi. A rugarmu ta wajen Gangara aka haife ni, kuma da shanu sun tsaya da yanzu ina can ina kaɗa nono, ban san ta inda zare ke shiga allura ba. To, ba su tsaya ba. Shekarar da ciyawa ta ƙi, muka bi su da ido suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mijina Jaye ya ɗauki sandarsa ya yi kudu kiwon shanun wasu, ni kuma na shigo Cadawa da ƴaƴana da ƙwaryar da babu abin zubawa cikinta. Inna Batulu a bakin famfo ta same ni, ina faɗa da wata mata a kan layi, da karkatacciyar Hausata. Ta tsaya ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ƴar Fulani, wannan bakin naki asara ake yi da shi a bakin famfo. Kasuwa ya kamata a kai shi." A ranar ta buɗe mini ɗakin da ke kusa da nata.

Ba haya ta ba ni shi ba, kuma har yau ba ta taɓa yi mini gori ba. Cewa kawai ta yi in wanke hannu in zauna, ta miƙo mini allura. Wallahi ranar na soki yatsuna har na rasa wanda zan tsotsa, ita kuwa sai dariya take, wai hannun da ya saba da tatsar saniya ya yi wa allura ƙarfi. Idan na yi ɗinki ya karkace ba ta faɗa. Ɗauka take ta kai shi kusa da ido, ta sa haƙori ta tsinke zaren, ta miƙo mini in sake. Akwai matashin da na warware har na tsane shi.

Kakanninta daga wajen Jibiya suka hauro da fatauci, suka ga ƙasar noma suka zauna. Ita a nan aka haife ta, a nan ta auri Malam Lurwanu mai amalanke, a nan ta binne shi. Ta yi haihuwa da yawa, ɗaya ne ya tsaya mata, Ridwanu, wanda ke aiki a buro, wato ofishin wani kamfanin motoci a Maraɗi. Ɗinkin kuwa tun Ridwanu yana goye ta fara shi. Akwai tela a bakin hanya, uban Dogo, Dogon da ke kan keken ɗinkin yanzu. A lokacin guntayen yadin da suka zuba ƙarƙashin keke sharewa ake yi a ƙona, ko awaki su tauna. Inna ta je ta durƙusa ta roƙi a bar mata sharar. Tsohon ya ɗauka taɓuwa gare ta, ya ce ta kwashe. Da wannan shara ta yi wa Ridwanu lakol, wato makarantar boko, da ita ta riƙe gida sa'ad da ƙafar Malam Lurwanu ta hana shi bin jaki.

Amma sana'ar tana da doka guda, kuma sai ka san matan Cadawa za ka gane ta. A garin nan mace ba ta nuna atamfar Sallarta. A ɓoye ake sayo ta, a naɗe cikin baƙar leda a kai wa tela, tela ya lulluɓe ta da tsohon zane. Ko ƙawarki ta tambaye ki sai ki ce, "Ai bana ba mu samu ba." Dalili kuwa, in aka gani za a je a sayo irinta, ranar Sallah ki fito kina taƙama ki tarar da kanki a kowace kwana.

Inna da bakinta ta ba ni labarin yadda ta koyi wannan. Tana farkon sana'ar, cikin wani azumi, ta kwashi sabon ƙyalle ta haɗa matashi ta kai kasuwa. Ashe a ciki akwai guntun atamfar matar wani mai kanti, koriya mai tsuntsaye, wadda aka kawo mata daga nesa. Wata dillaliya ta ƙyalla ido ta gani, ta sayi matashin ba ciniki, ta wuce da shi Maraɗi, ta bi kanti kanti har ta samo irinta, ta kwaso. Safiyar Sallah matar mai kanti ta leƙo ƙofa ta ga tsuntsayenta a jikin rabin unguwa, har da yarinyar da ke tallan ƙosai. Ta koma ciki ba ta fita Idi ba. Bayan Sallah ta janye ɗinkinta daga hannun uban Dogo, danginta duka suka bi ta. Tsohon ya hana Inna ko inuwar shagonsa. Sai da ta sha zarya da ban haƙuri kafin ya sauko, shi ma da sharaɗi: ƙyallen da aka yanka domin Sallah ba za ta taɓa shi ba sai an sa kayan an fita, kowa ya ga na kowa. Tun daga ranar Inna na baya take ɗinkawa. Na bana a buhu yake kwana a shagon tela, sai bayan Sallah ta kwaso ta jibge a ɗakinta, ta jira azumi mai zuwa.

Haka muka yi shekaru, lafiya lau, har daminar nan da ta rusa gidaje ko'ina a ƙasar Maraɗi. Da rana tsaka abin ya faru. Allah ya taimaka Inna tana ɗakina tana yi wa ɗiyata kitso, sai muka ji rugum! Muka fito, babu ɗakin Inna, sai tulin laka da azara. Buhunan ƙyallen Sallah biyu, ƙarama da babba, duk suna ƙarƙashi. Ruwan kuma ya ƙi ɗaukewa. Ranar da aka samu aka tono su, launi ya zuba cikin launi, ga wari, ka ja ƙyalle ya rabu a hannunka kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ni na fasa kuka. Inna ta daɗe tana juya su da sanda, sannan ta ce a kai bola.

Ridwanu ya zo a moto, wato babur, tun hanya ba ta bushe ba. Kada wani ya ce mugun ɗa ne, ba haka ba ne. Da ya ga inda gadon uwarsa yake a ƙarƙashin laka, zama ya yi a ƙasa ya rufe fuska. Da ya tashi ya ce, "Inna, ya isa haka. Ga ɗaki can na siminti, ga fanka, ga asibiti kusa. Ni ba zan sake tada miki laka ta faɗo miki a ka ba. Ki shirya mu tafi."

"Ina da sana'a, Ridwanu," in ji Inna.

"Sana'ar ga ta can a bola, Inna."

Na buɗe baki zan sa nawa, ta ɗaga mini hannu. Ta ce masa, "To ka bar ni zuwa Ƙaramar Sallah. Idan cinikin azumi ya isa in tada ɗakin nan kafin wata damina, ka ƙyale ni a gidana. Idan ya kasa, ka zo da mota ranar Sallah, ba za ka ji musu a bakina ba." Ya yarda, don ya san ba ta da abin ɗinkawa, kuma ya san uwarsa ba ta magana biyu.

Ta dawo ɗakina da kwana, ita da ƴaƴana a gado ɗaya. Ni kuwa tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Na san Maraɗi ba nisa gare ta ba, amma na san abin da za ta zama a can: tsohuwar da ake kunna wa fanka a ja mata ƙofa. Kuma in faɗi gaskiya, ni uwa zan rasa. Tawa ta rasu ina ƙarama, ban san daɗinta ba sai a hannun wannan Bahaushiya.

Ɗan ƙyallen bukukuwan kaka da muka samu bai taka kara ya karya ba, da shi muka ci tuwo. Azumi ya matso, hannunmu wayam. A shagon Dogo kuwa keke ya fara kuka tun safe, sabon ƙyalle yana zuba kamar ganyen bedi. Duk wucewar da zan yi sai na ji zuciyata tana tafasa. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Inna, mu karɓo na bana mu ɗinka, in hau mota in kai kasuwar Gazawa. Wa ya san atamfar matan Cadawa a can?"

Ta dube ni ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Matan Cadawa ba su da ƴan'uwa a Gazawa? Kuma ko babu, alkawarin da na yi wa uban Dogo ba a kan Cadawa kaɗai na yi shi ba."

"Tsohon ai ya mutu!"

"Ni ban mutu ba tukuna."

Na fita na je na huce a kan wankin da bai yi mini laifin komai ba. Kwana biyu ba ma wata hira. Ran na uku tana tsince wake sai ta ajiye faifai ta ce, "Fiddausi, wai wa ake ɓoye wa atamfar nan?" Na ce kowa da kowa. Ta ce, "Har da mai ita?" Ta ce, "Idan na ɗauki ƙyallen Husaina na ɗinka wa Husaina lalita da mafici da hular jaririnta, na kai mata har ɗaki ranar jajibere a rufe, sirrin wa na tona?" Husaina ita ce mai abincin bakin tasha, mace mai jiki, mai son a gan ta. Na yi tsalle har waken ya zube.

Sai dai abin ba ya yiwuwa sai da Dogo, don shi kaɗai ya san wace atamfa ce ta wace. Dogo mutum ne da magana ke yi wa wuya, ya gaji keken ubansa ya gaji shirunsa. Inna ta gama bayani yana ta taka keke kamar bai ji ba. Can ya tsayar ya ce, "Inna, amanar mata ce a hannuna. Idan guda ta fita, sai dai in rufe shago in koma gona."

"Na sani, ɗan nan. Na taɓa jawo wa gidanku, ban manta ba."

"Ke ba na shakkarki," in ji shi. Sai ya nuna ni da almakashi. "Wannan rediyon fa?"

Kai! Da ba azumi ya kama ba da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na haɗiye, na rantse masa da Allah ko a mafarki ba zan faɗa ba. Ya daɗe yana kallona kamar mai auna yadi, sannan ya ce to. Allah ya saka wa Dogo da alheri. Aikin da ya ɗora wa kansa ba ƙarami ba ne, a watan da tela ba ya samun lokacin sosa kai. Duk ɗinkin da ya yanka sai ya tsince ƙyallensa daban ya ƙulle a baƙar leda, kafin la'asar Inna ta je ya raɗa mata sunan mai shi a kunne. Ni ba a raɗa mini, amma da zarar an kwance ƙulli Inna ta ce na wance ne, ai na ji.

Wannan azumi ba zan manta da shi ba. Bazara ta shigo da ƙarfinta, mu kuwa muna cikin ɗaki da ƙofa a rufe don kada maƙwabciya ta faɗo ta ga abin da bai kamata ba. Zufa har cikin ido. Ga baki a bushe, sai a kofin ruwa muke jiƙa bakin zare. Idon Inna ya yi rauni, ni ke zura mata allura, amma in ta kama ɗinki ba ka ganin sawun zaren. Ƙyallen mace guda ba shi da yawa, wani bai fi tafin hannu ba, wani siriri kamar igiya. Haka za ta juya shi ta juya, ta fitar da lalita daga manyan, hular jariri daga matsakaita, siraran ta bi bakin mafici da su. Macen da ba ta da goyo a yi wa ƴar autarta ɗan kallabi.

Ranar kasuwa ta fi ci mini rai. Ina jiyo hayaniya daga nesa, na san wata ta shimfiɗa tabarma a gindin bedinmu, mu kuwa ko tsinke ba mu fitar ba. Ga kuma azabar shiru. Ni Fiddausi, na san atamfar kowace mace a unguwa, na san su waye suka sayi iri ɗaya ba su sani ba, kuma ba halin in faɗa! Husaina ta tare ni a famfo tana zolaya, wai me muke dafawa a ɗaki da ƙofa a rufe. Na cika bakina da iska na ɗauki bokitina na wuce, har ta bi ni da tambaya ko haƙori ke damuna.

Ranar jajibere muka jera kayan a babbar kwalla, kowane ƙulli daban, muka rufe da zane. Na ɗauka a ka, Inna tana gaba da sandarta. Gidan Husaina muka fara. Inna ta ja ta cikin ɗaki ta kwance mata nata. Matar nan ta kurma ihu har mijinta ya leƙo. Ta ɗauko atamfarta daga ƙasan akwati ta kara ta da kayan, ta sa wa jaririn hula, ta yi fifita, ta yi juyi. Ta rungume Inna ta kusa karya ta. Sannan ta sassauta murya ta ce, "Inna, kin san jajibere. Wallahi an kai wa tela, an sayi shinkafa, an sayi takalman yara. Ki yi mini haƙuri sai bayan Sallah."

Wannan ne abin da ni da Inna ba mu kawo a ka ba. Mu da muka saba ciniki tsakiyar azumi, lokacin da hannun mutane ke da ɗan danshi, mun zo ranar da ko mai kanti aljihunsa ya bushe. Gida na biyu haka, na uku haka. Ko'ina murna, ko'ina guɗa a ƙasa-ƙasa, ko'ina sai bayan Sallah. Inna kuwa miƙawa kawai take tana cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Na mintsine ta a wani zaure na ce, "Inna, ki daina bayarwa mana!" Ta ce, "In kai wa wa? Nata ne, ba zai shiga da zanen kowa ba." Muka dawo gida kafin magariba da kwalla cike da cincin da dubulan, abin da aka yi ta zuba mana ke nan.

Inna ta zauna a bakin gado ta miƙe ƙafafu. Ta ce, "To, na kasa. Gobe yaron nan zai zo. Taya ni ɗaure kaya."

Na ce ai za su biya, a gaya masa ya jira. Ta ce, "Ranar Sallah na ce masa, ban ce bayan Sallah ba. Kuma wanda ya ci Sallah sai ya daɗe bai farfaɗo ba, kin sani, ga damina tafe." Sannan ta kama hannuna. "Kada ki gaya wa kowa. Ba na so a ce na ɗora wa mata nauyi ranar farin cikinsu." Muka ɗaure kayanta a zane guda, don abin da laka ta bar mata bai fi haka ba. Ina ɗaurewa hawaye na zuba a kai.

Da safe ta ce gwiwarta ba za ta kai ta Idi ba. Na san ba gwiwa ba ce. Na ja ƴaƴana muka tafi, raina a ɓace. Da na isa wajen mata sai na tsaya cak. Jama'a, abin ya yi kyau! Duk inda na juya, mace da atamfarta, lalita irinta a hannu, jariri a baya da hula irin zanen uwarsa, mafitai suna ta kaɗawa kowanne da launin mai shi. Matan ƙauyuka da suka shigo Idi sai taɓawa suke suna tambaya ko daga Maraɗi aka kawo. Aikin hannun Inna ne ya cika filin, ita kuwa tana gida zaune kusa da ƙullin kayanta.

Na daure har aka sallame. Muna tashi sai ga Husaina ta nufo ni tana kaɗa mafici, tana cewa, "Ƴar Fulani, ashe abin da kuke dafawa ke nan! Ina Innar take in gode mata?" Nan fa abin ya ƙwace mini. Na ce, "Godiya? Ki riƙe godiyarki! Kun rataya zufar tsohuwa kuna yanga, ko wadda ta tambayi inda take kwana tun da ɗakinta ya faɗi babu. Wata guda tana ɗinki da azumi a baki don ta tada ɗakin nan, kun sallame ta da cincin. To ku yi fifita da kyau, yau ɗanta zai tafi da ita Maraɗi, baɗi sai ku ɗinka da kanku!" Da ƙarfi na faɗa, irin muryar da nake kiran masu saye. Na ja yarana na tafi, na san na karya maganar Inna.

Na tarar da mota a ƙofar gida. Ridwanu yana tsakar gida cikin farar shaddarsa, a durƙushe gaban uwarsa, tana gaya masa da bakinta. "Ban shigo da komai ba, Ridwanu. Sana'a ta kasa. Ga kayana nan." Shi kansa bai yi murna ba, na gani a fuskarsa. Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙullin ke nan sai muka ji sallama, ba ta mutum ɗaya ba.

Husaina ce a gaba, tana haki, mata na biye da ita har zaure ya kasa ɗaukarsu. Ba ta gaida kowa ba. Ta wuce kai tsaye ta zauna daram a kan ƙullin kayan Inna, ta gyara goyonta, ta ce, "Ridwanu, barka da Sallah. In za ka ɗauka, sai ka haɗa da ni."

Sai kowa ta kama magana lokaci guda. Wannan ta ce ba su sani ba, wallahi ba su sani ba. Wannan ta kwance bakin zane ta juye abin da aka ba yaranta na barka da Sallah a cinyar Inna. Wata ta ce mijinta yana buga tubali, kuma yau ba zai ci tuwon Sallah ba sai ya yi mata alkawari. Wata ta ce akwai azara a gidansu tun ginin da aka fasa. Wata tsohuwa ta zauna kusa da Inna ta riƙe mata hannu. Inna ta sunkuyar da kai don kunya, tana ta cewa, "Haba, haba, ku bari mana."

Ridwanu ya tashi tsaye yana kallonsu. Sannan ya ce, "Inna, kin ce ta kasa."

"Ta kasa. Abin da na ce maka ranar Sallah, ban cika ba."

Ya dubi Husaina da ke kan kayan, ya dubi matan da suka cika gidan har kan tulin lakar. Muryarsa ta sauya. Ya ce, "Ni a Maraɗi in na fita buro tun safe, wa zai zauna miki a kan kaya?" Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini, ya hau kan tulin da takalmin Sallarsa, ya fara taka faɗin ɗakin da ƙafa yana tambaya ina matar mai tubalin nan take.

Ni dai na rungume rigar na yi ta kuka kamar ƙaramar yarinya, ina cewa Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Na gode wa Allah da ya bar mini ita. Na gode wa Dogo, na gode wa matan nan da na zage tas a filin Idi suka biyo ni da alheri, na gode wa Ridwanu da ya ga abin da ya gani bai yi taurin kai ba.

Inna ta ɗago ta harare ni da jajayen idanu. "Ke kuma, ba na ce ki yi shiru ba?"

Na ce, "Inna, wata guda cur na yi shiru. Ya ƙare."

Ta girgiza kai, ta share fuska da bakin mayafi. Sannan ta juya wajen Husaina da ƴar muryar nan tata ta ce, "Tashi haka nan, ɗiyata, ki kwance mini kayan. Allurata na ciki."